Abincin Kifi Yana Ƙarƙashin Ruwa: Labarin Tsutsar Ƙarya Ta Masu Fatsa A Ingila

'Yan'uwa manoma, kowa a cikinmu ya san fatsa. Mun san yadda yaro yakan tono tana ko ya kamo fara ya soka a ƙugiya, ya ɗaura guntun totuwa a jikin igiya, ya zauna bakin rafi yana jira. Amma akwai wata irin fatsa a ƙasashen Turai wadda ba a sa mata koto ko kaɗan. Mai yinta yakan ɗauki ƙugiya ya naɗa mata gashin tsuntsu da siririyar waya, har ta yi kama da ƙwaro, sa'an nan ya jefa wa kifi. A wannan fitowa muna so mu ba ku labarin iri ɗaya daga cikin waɗannan ƙwarin ƙarya, watau wanda a ke yi domin ya nutse. Ko da ya ke labarin na wata ƙasa ne mai nisa, mutanen da suka ƙago abin nan sun gano wata gaskiya game da kifi, wadda ta shafi kowace ƙungiya mai tafkin kiwon kifi ko mai rafi kusa da gonakinta.

Ƙwarin da ke girma cikin ruwa

Ƙwari da yawa da mu ke gani suna tashi a bakin rafi, ba a tudu suka girma ba. Uwar takan zuba ƙwai cikin ruwa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsa ta fito, ta zauna ƙarƙashin duwatsu ko cikin ciyawar ruwa ko cikin laka. Can za ta yi ta ci tana saɓa har ta ƙosa. Sa'an nan ta hau bisa, fatarta ta tsage, ƙwaro mai fiffike ya fito. Sauro haka ya ke yi, mazari ma haka.

Akwai wani dangi da za mu kira ƙwaron yini ɗaya. Tsutsarsa takan yi watanni cikin ruwa, waɗansu irin ma har shekara 2 a ƙasashe masu sanyi. Amma in ya yi fiffike, ko bakin cin abinci ba shi da shi. Ya yi barbara, macen ta zuba ƙwai, cikin yini ɗaya ko biyu sun mutu. To, ku duba lissafin. Ƙwaron yana samuwa a bisa ruwa na ɗan lokaci ƙanƙane, tsutsar kuwa tana ƙasa dare da rana, rani da damina. Saboda haka yawancin abin da kifi ke ci, a ƙarƙashin ruwa ya ke cinsa, inda idonmu ba ya kaiwa. Turawa suna kiran wannan tsutsa nimf.

Gardamar da aka yi a Ingila

A kudancin Ingila akwai ƙananan koguna da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin duwatsun alli. Ruwansu mai sanyi ne, garau kuma, har mutum yana iya ganin kifi kwance a ƙasa. Uku daga cikinsu su ne Test da Itchen da Avon. Kifin da a ke nema cikinsu sunansa turawut. Kifin ruwan sanyi ne, ba zai rayu a tafkunanmu masu ɗumi ba.

Wani mutum mai suna Frederic Halford ya fitar da littattafai a 1886 da 1889, yana koya wa mutane su yi fatsa da ƙwaron ƙarya mai tsayawa bisa ruwa, su jefa shi ga kifin da suka gani yana tasowa. Koyarwarsa ta karɓu ƙwarai, har mabiyansa suka mai da ita kamar doka. A ganinsu, wanda ya bar ƙwaronsa ya nutse ya yi abin kunya.

Sai ga wani lauya daga London, G. E. M. Skues, wanda ke fatsa a kogin Itchen. Shi ya lura cewa sau da yawa kifi yakan motsa ruwa kamar ya ɗauki wani abu a bisa, alhali ƙwarin da ke bisa suna wucewa ba wanda ya taɓa su. Maimakon ya tsaya gardamar baki, sai ya samo wani dogon cokali siriri. In ya kama kifi ya kashe, sai ya zura cokalin ta baki ya kwaso abin da ke cikin tumbi, ya zuba a farin faranti da ɗan ruwa. Me zai gani? Tsutsotsi ne birjik, masu fiffike kuwa 'yan kaɗan. Gani ya kori ji. Ya fara ɗaura tsutsar ƙarya yana jefa ta ƙasa da fuskar ruwa kaɗan, ya rubuta abin da ya gano cikin littattafansa na 1910 da 1921.

Ba kowa ya gode masa ba. A 1938 aka yi babbar muhawara a ƙungiyar masu wannan fatsa a London, yawancin waɗanda suka yi magana suka ƙi ra'ayinsa. A shekaran nan ya bar wurin da ya yi fatsa fiye da shekara 50, yana da shekara 80 da haihuwa. Ya rasu a 1949. Yau kuwa da wuya ka sami mai wannan fatsa a duniya wanda ba ya riƙe da tsutsar ƙarya cikin akwatinsa.

Mai tsaron kogi da wayar jan ƙarfe

Wanda ya kai abin ƙasa sosai shi ne Frank Sawyer. An haife shi a 1906. Ba lauya ba ne, ba kuwa mai dukiya ba. Mutumin ƙauye ne, ma'aikaci, wanda aka ɗauka a 1928 ya tsare wani yanki na kogin Avon kusa da Netheravon. Aikinsa yankan ciyawar ruwa, gyaran gaɓa, kwashe laka, da renon 'ya'yan kifi. Ya yi wannan aiki har ya rasu a 1980. Tun da ya ke kullum yana bakin ruwa, ya sami zarafin kwanciya rubda ciki yana kallon yadda tsutsotsi ke iyo.

Ya ga abu biyu. Na fari, sa'ad da tsutsa ke iyo takan manne ƙafafunta a jiki, ta zama siririya. Ashe duk ƙafafun da waɗansu ke wahalar yi wa tsutsar ƙarya aikin banza ne, hana ta nutsewa ma su ke yi. Na biyu, manyan kifaye suna can ƙasa, tsutsar Skues kuwa ba ta da nauyin kaiwa wurinsu.

Dabararsa mai sauƙi ce. Ya bar zare gaba ɗaya. Ya ɗauki siririyar wayar jan ƙarfe, irin wadda a ke samu cikin tsofaffin kayan lantarki, ya yi ɗauri da ita. Wayar ita ce zare, ita ce kuma nauyi. Ya haɗa ta da 'yan silin gashin wutsiyar wani tsuntsu da su ke kira fezan, ɗan dangin fakara mai doguwar wutsiya. Shi ke nan, kaya biyu tak da ƙugiya. Ya bayyana yadda a ke yi cikin littafinsa na 1958, har yau kuwa ana ɗaura wannan tsutsa a ƙasashe da yawa, ana kiranta da sunan wutsiyar fezan.

Don me nutsewa ke da muhimmanci?

Duk wanda ya taɓa ƙetare rafi da damina ya san ruwa ya fi ture gwiwa da ƙarfi bisa ga idon sawu. Dalili kuwa, duwatsu da yashi na ƙasa suna rage wa ruwa gudu. Kifi ya san haka. Yakan kwanta ƙasa, bayan dutse ko cikin ɗan rami, inda ba zai gaji ba, yana jiran abin da ruwa zai kawo masa. Ba ya son ya ɓata ƙarfinsa ya hau bisa saboda 'yar loma ɗaya. In tsutsar ƙarya ta wuce ta bisa kansa da nisa, ko kallo ba za ta ishe shi ba. Dole ta sauka daidai bakinsa kafin ruwa ya wuce da ita.

Abu huɗu ke sa ta nutse da sauri. Na ɗaya nauyi. Na biyu sirantaka, gama jiki mai gashi buzu-buzu yana riƙe iska, ruwa kuma yana tokare shi. Na uku siririn zaren roba a ƙarshen igiya, domin mai kauri ruwa yakan ja shi ya ɗaga tsutsar. Na huɗu inda aka jefa. Mai fatsa yakan tsaya bayan kifi, ya jefa can gaba da shi wajen da ruwa ke fitowa, domin tsutsar ta sami lokacin sauka tana tahowa.

Daga nan sai ya bar ta ta bi ruwa da saurin ruwa, kamar abin da ya suɓuce daga dutse. In ta fi ruwa gudu ko ta karkace, kifi yakan ƙi ta. Kifi na ganinka, mai jar koma! Sawyer ya ƙara wata hikima: in tsutsar ta iso gaban kifi, sai ya ɗaga sanda a hankali, ta yi kamar za ta tsere bisa. Sau da yawa nan ne kifin ke cafke ta. Amma da ya ji ba nama ba ce sai ya tofar, saboda haka mai fatsa ba ya jiran ya ji an ja. Idonsa na kan zare. Da ya ga zaren ya tsaya, ko ya ga farin bakin kifi ya buɗe ya rufe, sai ya ɗaga.

Bayan zamanin Sawyer an ci gaba da ƙara nauyi. A wata gasa tsakanin ƙasashe da aka yi a 1984 a ƙasar Folan, mutanen Cekoslobakiya ta wancan lokaci suka ga yadda 'yan Folan ke amfani da gajeriyar igiya da tsutsotsi masu nauyi, suna bi da su dab da ƙasa kusan ƙarƙashin bakin sanda. Suka koya, suka gyara, a 1986 ɗayansu, Slavoj Svoboda, ya ci gasar duniya. Yanzu yawanci akan zura wa ƙugiya ɗan dutsen ado na ƙarfe a ka. Wanda aka fi so na wani ƙarfe ne mai suna tangistan, wanda a ke samun dutsensa a irin wuraren da a ke haƙar kuza. In an gwada su girma ɗaya, jan ƙarfe ya fi ruwa nauyi kusan sau 9, darma sau 11, tangistan kuwa sau 19. Darma dafi ce ga tsuntsayen ruwa masu haɗiye ta, shi ya sa Ingila ta hana yawancin ƙananan darmar fatsa a 1987.

Ko za ta yi aiki a ruwanmu?

Ba turawut kaɗai ke cin tsutsa ba. A Afirka ta Kudu ana kama wani kifi mai ruwan ɗorawa da irin wannan tsutsa a kogin Vaal. A kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, baƙi sukan zo da rani su yi wannan fatsa. Ƙawara da kurungu da 'ya'yan tarwaɗa duk suna cin tsutsotsin ruwa.

Amma kada kowa ya ɗauka wannan za ta maye gurbin birgi ko koma. A Turai yawanci wasa ne da shaƙatawa, kifi ɗaya ɗaya a ke kamawa, sau da yawa ma a mai da shi cikin ruwa. Tana bukatar ruwa mai gudu wanda ya kwanta ya yi garau, kamar na kaka da farkon rani. Cikin jan ruwan damina tana ta fi ta. Duk da haka, ga yadda samarinmu za su gwada ba tare da kashe kuɗi ba:

1. A sami ƙaramar ƙugiya, wadda ba ta wuce rabin inci ba, da siririyar wayar jan ƙarfe daga mataccen rediyo ko fanka, da gashin zabo ko na fakara ko na jan zakara.

2. A naɗa waya a jikin ƙugiya daga wajen ido zuwa inda ta fara lanƙwasa. A ƙara naɗi kusa da ido domin wurin ya yi ɗan tudu kamar ƙirji.

3. A tsinko sili 4 daga jikin gashin. A ɗaure su da wayar a wajen lanƙwasa, a bar tsininsu ya ɗan fita baya ya zama wutsiya.

4. A murɗa sauran silin tare da wayar, a naɗa su gaba har ido.

5. A lanƙwasa abin da ya ragu baya bisa ƙirjin a ɗaure, a komo da shi gaba a sāke ɗaurewa, a yanke saura.

Sandar gora da zaren roba sun isa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da ya fi kama kifi

Babban abin da muka ɗauka daga labarin nan shi ne, Skues da Sawyer sun duba cikin kifi, sun duba ƙarƙashin dutse. Sawyer ya gane cewa in laka ta rufe tsakuwar kogi tsutsotsi sukan ragu, in sun ragu kifi ya rame ko ya ƙaura. Saboda haka yawancin ƙarfinsa a gyaran kogi ya tafi, ba a kamun kifi ba.

Masu fatsa na Ingila sun riƙe wannan. Tun 2007 suna da shiri na ƙasa duka, inda masu aikin sa kai ke shiga kogi wata wata da 'yar raga. Sukan burkuta ƙasan ruwa da ƙafa na minti 3, su juye abin da ya shiga raga cikin farin tire, su ƙidaya dangi 8 na ƙananan halittun ruwa. A watan Yuli na 2013, irin waɗannan mutane suka je kogin Kennet kusa da garin Marlborough, suka tarar ragarsu kusan wayam. Da hukuma ta bincika, sai aka ga maganin ƙwari ne mai suna kulofirifos ya shiga ruwa ta magudanar gari. Abin da ya shiga kaɗan ne, amma ya kashe tsutsotsi na tsawon wajen kilomita 15. Ruwan yana nan garau, mai wucewa ba zai ga wani abu ba. Masu duban ƙarƙashin dutse ne suka fara ganewa.

Wannan magani ba baƙo ba ne a wurinmu, gama an sha sayar da shi domin gara da ƙwarin gona. Sau nawa mutum ya gama feshi ya gangara rafi ya wanke famfonsa? Sau nawa aka jefa kwalbar da ta ƙare cikin kwari? Balle waɗanda ke zuba Gamalin cikin ruwa da gangan domin su kwashi kifi. Dafin da ke cikinsa, ƙasashen duniya sun yarda a 2009 a daina amfani da shi a gona. Mai zuba guba yakan cika kwando yau, amma ya kashe manya da 'ya'ya da abincinsu duka, ya kuma kai wa iyalinsa da maƙwabta kifi mai dafi. Ya ci iri ke nan, ya ƙone rumbu.

Yadda ƙungiya za ta duba rafinta

Ba a bukatar kaya masu tsada. Farin kwano, da yankin tsohon gidan sauro da aka ɗaura a bakin waya, da littafin rubutu, sun isa. Wanda zai shiga ruwa lalle ya sa dogon takalmin roba saboda tsargiya. Kada a sa yara su shiga.

1. A zaɓi wuri ɗaya mai duwatsu inda ruwa ke gudu bai wuce gwiwa ba. Kullum wurin nan za a riƙa komawa.

2. Mutum ya riƙe raga a ƙasa wajen da ruwa ke tafiya, ya burkuta tsakuwa da ƙafa a gabanta na minti 3.

3. A ɗaga duwatsu kaɗan a wanke ƙarƙashinsu cikin kwano, a mai da su yadda su ke.

4. A juye raga cikin kwano da ruwa mai tsabta, a jira ya kwanta, a duba.

5. A rubuta rana, da irin da aka gani, da yawan kowane. Sa'an nan a mai da su cikin rafi.

Mai wutsiya 3 kamar gashi, da 'yan abubuwa masu kaɗawa a gefen ciki, ita ce tsutsar ƙwaron yini ɗaya. Mai wutsiya 2 da ƙafafu masu ƙarfi, wadda ke manne wa dutse, ta fi kowa son ruwa mai tsabta. Akwai kuma wadda ke gina wa kanta ɗan gida da yashi ko ƙirare tana ja da shi. In ana samun waɗannan, rafin yana da lafiya. In sun ɓace, sai jajayen tsutsotsi cikin laka kaɗai, to, ruwan ya ƙazantu. In kuwa watan jiya sun cika kwano, wannan wata babu ko ɗaya, alhali ba ambaliya aka yi ba, ba kuma rafin ne ya ƙafe ba, sai a bi rafin zuwa sama ana tambaya. Ruwa ba ya tsami banza.

Tafkin kiwon kifi dabam ne, tun da ruwansa ba ya gudu. A can jajayen tsutsotsin laka abinci ne mai kyau. Takin kaji ko na shanu da mu ke zubawa, yawancinsa ba kifi ke ci kai tsaye ba. Takin yana sa ruwa ya yi kore, koren yana ciyar da ƙananan halittu da tsutsotsi, su kuma su ciyar da kifi. Ku zura hannu har gwiwar hannu. In kuna ganin tafinku sarai, a ƙara taki. In ya ɓace tun bai kai can ba, ko kuka ga kifi na haƙi a bisa ruwa da asuba, taki ya yi yawa, a dakata, a ƙara sabon ruwa. Ran da kuka kama kifi kuma, kafin a zubar da kayan ciki, ku tsaga tumbin biyu ko uku cikin farin kwano ku ga abin da suka ci.

Shawara ga taronku mai zuwa

Muna roƙon kowace ƙungiya ta sa wannan magana cikin abin da za ta tattauna. A naɗa mutum biyu su riƙa duba rafi sau ɗaya a wata, su karanta wa taro abin da suka rubuta. A yi alkawari ba mai wanke famfon feshi a rafi ko a bakin tafki. A ɗebo ruwa a wanke can kan tudu, nesa da rijiya. A bar ciyawa da itatuwa tsakanin gona da gaɓa, domin su tare laka da magani. In an ji labarin mai zuba guba, shugabannin ƙungiya su kai magana wurin mai gari da sarkin ruwa da ma'aikacin gona, kada a bar wa mutum ɗaya. Rafi na kowa ne, wanda ke sama yana sha, wanda ke ƙasa yana sha.

Ƙungiyar da ta gwada, ta rubuto mana abin da ta gani cikin kwanonta, da sunayen da a ke kiran waɗannan tsutsotsi a yarenku. Za mu buga amsoshinku domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru.